Ɗan Azumi da Noman Tsaye

A wani ƙauye da ke arewa da Kanambakashe, a shekarun da mahara ke kai da kawowa tsakanin Katsina da Tasawa, tun Nasara bai leƙo ƙasar ba, an yi wani manomi ana ce masa Ɗan Azumi. Ba ɗan garin ba ne. Bakatsine ne, daga kudu ya zo, ƙasar laka, shi da matarsa Zara'u da jaki ɗaya, bayan hari ya cinye ƙauyensu. 'Yarsu ɗaya da ta rayu tana aure can nesa, saboda haka gidan daga shi sai Zara'u.

Cikin kayan da jakin ya ɗauko babu abin da yake ji da shi kamar fartanyarsa mai gajeriyar ƙota, irin wadda yake duƙe a kanta tun yana ɗan shekara bakwai. Mutanen arewa kuwa a tsaye suke noma. Ƙasarsu jigawa ce mai taushin rairayi, ƙotar hauyarsu ta fi mutum tsawo, bakinta kamar jinjirin wata. Manomi yana tafe yana tura ta gabansa, ita kuma tana bi ta ƙarƙashin rairayi tana yanke saiwar ciyawa. Ɗan Azumi ya kalli wannan aiki, ya taɓe baki.

"Wanga noma ne ko yawon shan iska?" in ji shi ga Salifu, maƙerin garin. "Ku Gobirawa ko duƙawa ku gai da ƙasa ba ku iya ba."

Salifu ya yi dariya, don Bagobiri da Bakatsine abokan wasa ne. Ya ce, "To, bawana, yi ta gaishe ta. Wata rana za ta riƙe ka da hira."

Shekara ashirin Ɗan Azumi yana gai da ƙasa, bayansa yana lanƙwashewa kaɗan-kaɗan, har aka raɗa masa suna Mai Neman Allura. Wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Ko kasuwa zai je idonsa na ƙasa. Ya san hanyar tururuwa da sawun ƙadangare, ya san mutanen gari da ƙafafunsu, kafin mutum ya yi sallama ya gane shi da yatsunsa. Taurin kai dai ya sa bai taɓa ɗaukar doguwar hauya ko da wasa ba.

Wata safiya ana cikin noman fari, ya duƙa bai iya ɗagowa ba. Wani abu ya riƙe masa ƙugu, ya faɗi tsakanin shuka, sai a kan jaki aka kai shi gida. Daminar nan gaba ɗaya a kan tabarma ya yi ta, a ƙarƙashin rumfa.

Zara'u ce ta ɗauki fartanyar. Ta ja ruwa a rijiya mai gaba ashirin, ta yi daka, ta tafi gona, ta dawo ta hura wuta. Ba yarinya ba ce, ta ba hamsin baya. Kafin kaka tari ya kama ta, irin wanda ke tsayar da taɓarya a tsakiyar daka. Daga inda yake kwance yana ganin ƙafafunta suna wucewa, kullum sai ƙara sirancewa suke. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, kuma wannan shirun ne ya fi cin ransa. Ya sani sarai idan ta sake yin damina irin wannan, ba za ta ga kaka ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda ko ranar hari bai ji ba.

Da aka kwashe ɗan hatsin da aka samu, makiyaya suka sauko daga wajen Isawan kamar yadda suka saba, suka kafa ruga a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki. A lokacin ya fara dogara sanda yana fitowa ƙofar gida. Wata rana da tsakar rana, kawalwalniya tana rawa a kan jigawa, ya karkata wuya ya hango wani abu yana tahowa. Ƙwarya uku ce a jere, ɗaya bisa ɗaya, suna tafe a cikin iska babu mai riƙe da su. Sai da suka matso ya ga akwai mace a ƙarƙashinsu, tsohuwa doguwa, hannayenta a sake. Sunanta Sa'a, uwar masu rugar ce, tallan nono take.

Ta tsaya ta dube shi. "Kaɗo, mi ka yar a ƙasa kake ta biɗa?"

Ya gaya mata komai, har da tarin Zara'u, abin da bai gaya wa kowa ba. Ta ce za ta koya masa tsayuwa. Ya yi murmushin takaici ya ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sa'a ta karɓi sandar wani makiyayi da ke wucewa ta nuna masa. "Wagga a bushe muka same ta, a karkace. Da ɗumin wuta da man shanu muka miƙe ta, yau kaɗan gobe kaɗan. Kai ka fi sanda taurin kai?"

Da haka aka fara. Kowace safiya Zara'u ta gasa masa baya da tsumma mai ɗumi, ta shafa man shanu. Sai ya ɗora sanda a kafaɗa, ya rataya hannaye a kanta yadda makiyaya ke yi, ya bi shanu zuwa mashaya. Sa'a ta hana shi zaman duƙe a kan tabarma, ta ce ya riƙa jingina da jikin rumbu har ƙeyarsa ta taɓa. Mafi wuya kuwa shi ne ƙoƙo. Ta naɗa masa gammo, ta ɗora masa ƙoƙon ruwa a ka, ta ce daga rijiya zuwa gida, kada ya kalli ƙafarsa, ya kalli kan itatuwa.

Namiji da gemu, da gammo, a tsakiyar mata! Matan rijiya suka yi dariya har da riƙe ciki. Taku uku ruwan ya zubo masa a wuya. Washegari ya yi taku biyar. Rana ta huɗu ya jefar da gammon ya ce ya bari, ya nufi gida a fusace. Yana isa ƙofa ya ji taɓarya ta tsaya, tari ya biyo baya, aka daɗe kafin dakan ya ci gaba. Ya juya ya je ya tsinci gammonsa.

Sannu ba ta hana zuwa. Rani ya yi nisa, ruwan da ke isa gida a ƙoƙo yana ƙaruwa. A bayan shanu, cikin zafin da ke sa ido lumshewa, Ɗan Azumi ya riƙa ganin abubuwan da ya manta akwai su. Ashe gawo yana da kai, ashe shaho yana tsayawa cak a sama ba ya kaɗa fiffike. Wani lokaci sai ya ji kamar shi ne saurayin nan da ke tsallake rafi a kudu, wani lokaci kuma ya rasa ko tafiya yake ko jigawar ce ke tafiya da shi.

Ana saura wata ɗaya ruwa ya sauka ya je maƙera. Salifu ya dube shi sama da ƙasa.

"A'a! Wa nike gani haka? Hirar ta ƙare?"

"Ƙera mini abin ragwayen nan naku," in ji Ɗan Azumi, "ka bar surutu."

Ranar da ya gwada doguwar hauyar a busasshiyar gona, ya duƙa a kanta ya dinga sara kamar fartanya, bakin hauyar yana nutsewa cikin rairayi yana cijewa. Sa'a ta ɗauko ƙoƙo ta ɗora masa a ka. Dole ya miƙe, dole ya sassauta hannu, sai ga hauya tana sulalewa a gabansa ita kaɗai. Bai miƙe sak kamar kara ba, kowa ya gan shi ya san an taɓa lanƙwasa shi. Amma ya tsaya da ƙafarsa.

Shamuwa ta iso, makiyaya suka kwashe rugarsu suka yi arewa. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ciyawa ta taso tare da gero. Ranar noman fari Zara'u ta ɗauki fartanya ta bi shi a baya.

"Ajiye ta, Zara'u."

"Maigida, bari dai in riƙe. In ka gaji sai in karɓe ka."

Bai yi mata gardama ba. Ta zauna a inuwar wani kalgo da ke tsakiyar gona, fartanya a kan cinya, tana jiran lokacin da zai faɗi. Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, rairayi mai laima yana buɗewa a gabansa, ciyawa tana kwanciya a bayansa. Hantsi ya ɗaga, ƙugunsa bai ce komai ba.

Da layi ya kawo shi gindin kalgon, ya tarar barci ya ɗauke ta a zaune, kanta ya jingina da icce, fartanyar ta zame ta faɗi. Rabonta da barcin rana tun kafin ya kwanta ciwo. Ya tsaya a kanta ya daɗe, idonsa ya cika da ƙwalla. Ciyawa ta kewaye ta har idon sawu, kuma ya san ƙarar hauya za ta tashe ta. Sai ya janye hauyarsa a hankali, ya zagaya can nesa, ya ci gaba da nomansa. Ciyawar gindin kalgon nan ita kaɗai ya bari a gonar a wannan shekara.