Taurari huɗu a takardar jinin kakana

Ni ne yaron da aka taɓa kora daga aji a makarantarmu ta sakandare a Garwa ta Kamaru saboda na kwaikwayi tafiyar malamin lissafi, ban san yana tsaye a bayana ba. A lokacin shekarata sha shida, kuma in dai za a yi dariya, ko uwata sai in ƙara wa labarinta gishiri. A gidanmu na mahauta ni kaɗai nake karanta Faransanci sosai, don haka kowace takarda a hannuna take ƙarewa, ni kuwa ina jin kaina kamar gwamna.

Abokin wasana na farko kakana ne. Kullum ina tambayarsa yaushe zai tafi ya bar mini matarsa, mu ci gumba, shi kuma ya ce da hannunsa zai binne ni, ɗan kashin awaki. Da ciwon huhu ya kama shi har numfashi ya gagara, aka kwantar da shi a asibiti, aka sa masa robar iska a hanci, aka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito, aka miƙo mini. Ban gane komai ba sai sunaye masu wuya da lambobi, amma na ga an sa ɗan tauraro a gefen layi huɗu. Ɗakin cike yake da masu dubiya, ga wani dillalin shanu daga Maiganga a gadon kusa yana ta kallona. Sai na miƙe na ƙame, na sara wa tsoho, na ce ya zama janar, taurari huɗu cif. Aka kwashe da dariya. Daɗin dariyar ya ɗebe ni, na ƙara da cewa likitoci sun ce mai taurari huɗu ba ya ganin sati, a fara jiƙa gero.

Na jira zagin da ya saba, bai zo ba. Da mutane suka fita rakiya, ya kama hannuna ya tambaya a hankali ko da gaske haka takardar ta ce. Dillalin nan yana murmushi yana jiran ci gaba, ni kuma ban so wasan ya mutu a hannuna. Na ce wallahi haka ta ce.

Bayan kwana biyu aka sake awo. Likitar ’yar kudu ce, ba ta jin Hausa ko Fulatanci sai Faransanci, don haka ta kira ni tafinta. Ta bayyana cewa taurarin suna nuna abin da ya wuce ƙa’ida ne kawai. Ɗaya awon na daskarewar jini ne, ɗaya na ƙarfin kumburi a jiki, kuma gaskiya idan suna ta hawa, ran mara lafiya yana cikin haɗari. Amma nasa sun fara sauka. Ta ce in ya zauna a kan iska da allura, akwai fata sosai. Na fassara masa kalma da kalma, karo na farko a rayuwata ban ƙara komai ba. Ya ce yanzu ne nake ƙarya don in lallashe shi. Na ce wancan wasa ne, na yi kuka, na durƙusa.

“Jika yana wasa,” in ji shi, “amma ba ya rantsuwa.”

Ya tara ’ya’yansa ya ce ba zai mutu da roba a hanci a hannun baƙi ba, a mai da shi ɗakinsa. Babana ya roƙe shi, likita ta yi faɗa, ya ƙi. Da aka tambaye shi dalili, bai ambaci sunana ba, ya ce jikinsa ne ya gaya masa. Ni kuma na ɓoye rantsuwar da na yi, don tsoron dukan babana.

Abin da na koya shi ne, wanda yake karanta wa mutane abin da ba su iya karantawa ba, bakinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. ’Yan’uwana ’yan makaranta, in an ba ku takardar asibiti ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, ku nemi likita. Mara lafiya yana auna kowace kalma, ko yana dariya.

Kakana ya rasu kwana uku bayan an kai shi gida, da hantsi. Har yau babana bai san abin da na faɗa wa kakana ba.