Ruwan Shuka Ya Tarar da Mu a Jos

Talata: Malumfashi zuwa Jos

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Malumfashi, a hutun Ista na shekarar da na yaye autata. Maigidana, Malam Yohanna, ya yi mana addu'a, ya tayar da Fijon da ya aro wurin abokinsa. Ina baya da kwandon dafaffen ƙwai da jarkar kunun zaƙi. Baba, mahaifina, yana gaba, ya rungume sandarsa kamar za a ƙwace masa.

Yawon hutu muka kira tafiyar, amma ni na san abin da na ƙulla. Shekara tara Baba bai sa Yaya Bulus a ido ba, tun ranar da Yaya ya bar gandu ya tafi aikin asibiti a ƙasar Jos. Baba ya ce tunda ya ajiye fartanya, shi ma ya ajiye shi. Ga ƙarfin tsohon ya fara ja da baya. Wata uku ina lallashi kafin ya yarda, shi ma don rani ne, babu aiki a gona.

Muka bi ta Gwarzo, ƙarfe goma muna bakin ruwan Tiga. Ban taɓa ganin ruwan da ido bai kai ƙarshensa ba sai ran nan. Muka ci soyayyen kifi na sule uku, iska mai sanyi tana kaɗa mana. Baba ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Duk wannan ruwa, an rasa mai dasa ko albasa a bakinsa?"

A shingen dajin Falgore ɗan sanda ya leƙo. "Tsoho, ina zuwa?"

"Tambayi masu motar, yaro. Ni kaya ne."

Ya yi dariya, ya ɗaga mana ƙarfe. Bayan Saminaka hanya ta fara hawa, kunnuwana suka toshe. Duwatsu ne an ɗora wani kan wani, kamar yara sun yi wasa sun tafi sun bari. Biyar da rabi muka sauka a masaukin baƙi na majami'a a Jos, aka ba mu bargo bibbiyu.

Laraba: mil talatin

Muna shan shayi da safe hadari ya taso daga bayan duwatsu, ruwa ya kece. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Baba ya fita, ya tsuguna a cikin yayyafi, ya tura yatsa a ƙasa har gaɓa biyu. Da ya miƙe, fuskarsa ta sauya.

"Malam, tayar da mota. Ruwan shuka ne."

"Baba, nan Jos ne. Mu da sauran wata guda da rabi."

"Wata ake shukawa, ko ruwa? Ba ka ga hadarin arewa ya nufa ba?"

A gidanmu ba mai buɗe rumbun iri sai Baba, ba kuma mai fara sara a gandu sai shi. A ganinsa, can ƙannena suna tsaye a bakin rumbu, ƙasa tana bushewa. Ba waya, ba wanda za a aika. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, mil talatin kaɗai ya rage."

"Lami, gero bai san mil ba."

Hawaye suka zubo mini. Na ce ya ba ni zuwa tsakar rana. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "A tsaye zan gaisa, mu juya."

Muka wuce Bukuru, muna ratsa kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, ruwansu shuɗi, duwatsu sun leƙa ciki. Ni dai addu'a nake yi a zuci. Sha ɗaya da kwata muka tsaya a ƙofar gidan Yaya. Ya fito da fararen kayan aiki, ya zube ƙasa. Baba ya amsa gaisuwa yana kallon gefe, bai ambaci sunansa ba, dama ba a kiran sunan ɗan fari.

Ashe fegin da ke bayan gida yake kallo.

"Wancan na wa?"

"Nawa ne, Baba. Masara nake sawa."

"Ƙasa jiƙe haka kana yawo da farar riga? Ina sungumi?"

"Ba sa amfani da shi a nan, sai fartanya."

"Kawo."

Baba ya shiga gaba yana sara, Yaya ya tuɓe takalmi yana binsa, yana jefa iri yana rufewa da dunduniya, kamar yadda na saba ganinsu ina yarinya. "Uku-uku na ce, ba allura kake yi ba!" in ji Baba. Yaya ya ce, "To, Baba." Tsakar rana ta yi, ta wuce. Malam ya dubi agogo, na harare shi, ya mai da hannu aljihu. Kwana uku muka yi a gidan, muna cin tuwon acca, Baba da jikoki a cinya.

Asabar: komawa gida

Shida na safe muka taso, muka bi ta Zariya da Funtua. Tun daga Bakori Baba ya manna fuska a gilashi. Gonaki fayau, ko ciyawa ba ta tsiro ba. Huɗu da rabi muka isa. Ya sauka, ya tona ƙasa da babban yatsan ƙafa, busasshiya ƙamas.

Ya juyo wurin maigidana. "Malam, mai motar nan, in masara ta nuna yana ba da aro?"

Ya kuwa bayar. Baba ya je ya karya masarar da hannunsa, kuma damina biyu kawai ya ƙara a duniya. Na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode masa da ya saukar da ruwan nan muna Jos, ba muna ƙofar gida ba.