Sandar Mena da Shingen Mossie

A ƙaramin garinmu da ke Tipperary, a ƙasar Ireland, idan kana son a ba ka kare daga gidan da ake ajiye karnukan tsere da suka daina gudu, ba Orla Cusack mai riƙe da gidan ce abar tsoro ba. Orla da ka shafa kan kare sau biyu sai ka ga tana share ƙwalla. Abar tsoro ita ce Philomena Hanrahan, wadda kowa ke kira Mena, domin ita ke zuwa duba gidanka kafin a sakar maka kare. Kuma ba ta zuwa hannu rabbana. Da sanda take zuwa.

Sandar nan tsawonta ƙafa shida cif. Mijinta Mossie, wanda kafinta ne, shi ya fere mata ita shekara biyu kafin ya rasu. Dokar gidan karnuka ta ce shingen bayan gida ya kai ƙafa shida, saboda karen tsere in ya hango kyanwa ko zomo, kafin ka buɗe baki ya bar unguwar. Mena kan jingina sandar da shinge, ta hau bokiti, don gajeruwa ce, ta duba. In kan sandar ya leƙo sama da shingen, ko da faɗin yatsa ɗaya ne, sai ta sauko ta ce, "Na gode da shayi," ta kama hanya. Mutanen gari suka laƙaba wa sandar suna Bishop, wato shugaban limaman coci, wai in ya yanke hukunci babu inda za ka kai kuka.

Shekara talatin da huɗu Mena ta yi a kantin yadi na babban titi tana auna labule da yadin amare. Ba a taɓa jin wanda ta tauye ba, ba a kuma taɓa jin wanda ya samu rarar ko zare ɗaya ba. Da kantin ya rufe, sai ta kwaso ragowar labule ta kai gidan karnuka don a yi musu shimfiɗa. Ta tarar Orla na shirin miƙa wa wani mutum igiyar kare.

"Wa ya auna shingensa?" in ji Mena.

"Ya ce mini ya kai," in ji Orla.

"Au, ya ce miki."

Daga ranar ta samu aiki, ba tare da kowa ya ba ta ba.

Ni Talata da Alhamis nake zuwa fita da karnukan yawo, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi. Shekara goma sha biyu Mena tana raba wa mutane karnuka, ita ko ɗan kwikwiyo ba ta ajiye ba. In an tambaye ta dalili, sai ta ce, "Kafet ɗina fari ne." Ba mai ƙara tambaya.

Sai aka kawo Tess. Baƙar karya ce mai shekara tara, furfura ta cika mata baki. A filin tsere sunanta Walƙiyar Knockroe, amma gasa biyu kacal ta ci a rayuwarta, kuma Orla na zargin a ɗaya daga ciki sauran karnukan ne suka yi karo da juna. Baƙaƙen karnuka su ne ke daɗewa ba a ɗauka ba, balle tsohuwa. Wata goma sha huɗu Tess ta yi a wurinmu. Ga ta da wani hali: ba ta tsalle. Ko mota za a sa ta, sai ta ɗora ƙafafun gaba a kan kujera, ta waiwayo tana jiran wani ya ɗago mata sauran jikin.

Na fara lura Mena na daɗewa a bakin ɗakin Tess. Na tambaye ta, ta ce sakatar ƙofar take dubawa. Mako uku tana duba sakata ɗaya. Daga baya sai ga Tess cikin jar riga ta yadin labule, mai shafi a ciki, ɗinkin hannu.

"Mena, sakatar ce ta ɗinka mata riga?" na ce.

"Colm, ja igiyarka ka yi gaba. Karen nan ya fi ka sanin aikinsa."

Sau biyu a shekara wata mota kan zo ta kwashi karnukan da ba su samu gida a Ireland ba, ta kai su wata ƙungiya a Italiya. Ranar wata Talata Orla ta liƙa sunayen masu tafiya a bango: Asabar mai zuwa, ƙarfe biyu na rana. Sunan Tess ne na uku. Mena ta tsaya gaban takardar har shayinta ya huce.

"Italiya," ta ce. "Karyar da ko mota ba ta iya hawa ba. Wa zai gaya musu ba ta cin abinci sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi?"

"Na rubuta a takardarta," in ji Orla.

"Da wane yare?"

Can sai Mena ta ce, "Ba ni fom."

"Fom ɗin me?"

"Ke yarinya, kada ki maishe ni abar wasa. Ba ni fom."

To, doka ta ce mutum ba ya duba gidan kansa, kuma Mena ce ta kawo dokar. Mai duba gida na biyu shi ne Fintan Dwyer, mahaucin garinmu. Shekara biyar da suka wuce Mena ta kayar da shi har sau biyu, na farko a kan shinge, na biyu a kan ƙofa. Da ƙyar ya samu karensa, daga nan ya shigo aikin sa kai. Wasu sun ce son karnuka ne ya kawo shi. Ni na ce wannan ranar yake jira.

Ranar Alhamis da yamma ya iso gidan Mena cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, har da laktaye. Ni aka ɗauka shaida. Ya zauna a falo, ya buɗe fom, ya gyara murya.

"Misis Hanrahan, daga gidan karnuka aka turo ni. Kin taɓa riƙe kare kuwa? Kin san ɗabi'arsu?"

"Fintan Dwyer, tun kana yawo da majina a hanci na san ka. Shanye shayinka ka yi abin da ya kawo ka."

Muka fita bayan gida. Shingen kore ne, tsaf da shi, Mossie ya kafa shi shekara talatin da biyar da suka wuce. Na tambayi Mena ko ta taɓa auna shi. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Mossie ne fa ya yi shi."

Fintan ya karɓi Bishop da hannu biyu, ya jingina. Kan sandar ya leƙo sama da yatsu uku. Ya matsa gaba, yatsu huɗu. A kusurwar da ke kusa da rafi kuwa, tafin hannu guda. Ba Mossie ne ya yi kuskure ba. Ƙasarmu ce mai laima, kowace shekara tana ɗan haɗiye turakun, ba wanda ya lura.

Na zaci Fintan zai yi rawa. Sai na ga fara'ar ta bar fuskarsa. Ya dafa kan sandar a hankali ya danna ta cikin laka har ta yi daidai da shingen.

"Ni dai daidai nake gani. Ko ba haka ba, Colm?"

"Ni na bar tabarau a mota," na ce.

"Zaro sandar nan daga laka," in ji Mena.

"Haba Mena!" in ji Fintan. "Tess ce fa. Karyar da in kin yar da tsintsiya a ƙasa sai ta zagaye ta!"

"Mutum nawa na mayar a kan yatsa ɗaya? Fada, limamin cocinmu, da kansa na mayar, da makon azumi. Kai ma na mayar da kai. Rubuta bai kai ba."

"Ba zan rubuta ba."

"To ba ni biron."

Da hannunta ta rubuta, shi ya sa hannu kamar mai sa hannu a takardar gawa.

Ta buga wa kafintan garin waya, ya ce ba shi da sarari sai bayan bikin Ista. Orla ta ce a cire Tess daga motar a jira gyaran. Mena ta tuna mata wata dokar, ita ma tata ce: ba a cire kare daga mota a kan alkawari, tun da aka taɓa yi wa wani kare haka, mai alkawarin ya ɓace, karen ya ƙara shekara a ɗaki. Ranar Juma'a ta kawo jar rigar a wanke a ninke, da wata doguwar takarda a kai. Ashe wurin wata tsohuwa 'yar Italiya mai soya kifi da dankali a garinmu ta je, ta sa ta rubuta da yarensu cewa a jiƙa wa Tess abinci da ruwan ɗumi, a ɗaga mata baya in za ta hau mota, kuma tana tsoron laima in an buɗe ta farat ɗaya. Ta ajiye, ba ta leƙa ɗakin Tess ba, ta tafi gida.

Sirri a shagon Fintan ba ya wuce lokacin da ake ɗauka a naɗe nama a takarda. Kafin ya rufe ranar Juma'ar nan, duk wanda ya sayi ko ƙashin miya ya ji labari.

Abin da Mena ba ta sani ba shi ne, duk wanda ta taɓa kayarwa, da ya je sayen katakon gyara sai ya sayo fiye da buƙata, don tsoron kada ta dawo ta sake kayar da shi. Rarar tana nan a gareji da bayan ɗakin kaji a ko'ina cikin gari, ba mai ƙarfin halin ƙonawa.

Asabar ƙarfe takwas na safe, ana yayyafi, motoci suka cika layinsu Mena. Kowa da katako a kafaɗa da kare a igiya. Fada ya zo da bokitin ƙusa. Mena ta buɗe ƙofa da silifa a ƙafa.

"Wa ya mutu?"

"Shingenki, Misis Hanrahan," in ji Fintan. "Mun zo jana'iza."

Wata mata ta sauke falanki huɗu a ƙofar gida ta ce, "Shekara takwas suna tare mini hanya a gareji, maigidan ya hana a taɓa, wai za ki iya dawowa. Karɓi abinki."

Mena ta dubi tulin katakon. Sannan ta ce, "Kada wanda ya cire ko ƙusa ɗaya ta Mossie."

"A sama za mu ɗora."

"To ku goge ƙafafunku kafin ku ratsa mini kicin."

Aka kama aiki. Shuɗin katako kusa da fari, fari kusa da ruwan ƙasa, har da wani mai ragowar rubutun tallan takin zamani. Karnuka goma sha ɗaya suka kwanta a ƙarƙashin rumfa suna kallo, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dubi shingen. Mena na bin ma'aikata da Bishop da bokiti, ta sa Fada ya sake buga wuri ɗaya sau uku. Da tsakar rana ta fito da tukunyar shayi da burodi mai zabibi da man shanu, ta ce a ci a tsaye.

Ƙarfe ɗaya da kwata Fintan ya bi turaku ɗaya bayan ɗaya yana aunawa. Duk sun kai. Ya ciro biro, mutane suka fara tafi.

"Ƙofar fa?" in ji Mena.

Akwai wata faffaɗar ƙofa a gefen gida, wadda Mossie ya yi don shigo da kayan aikinsa. Kowa ya manta da ita. Aka jingina Bishop. Yatsa ɗaya da rabi. Aka duba, katako ya ƙare ƙaf, kuma kantin katako ƙarfe ɗaya yake rufewa ranar Asabar.

"Yesu da Maryamu da Yusufu!" in ji Fintan. "Mena, tsakani da Allah, ke ke son karyar nan ko ni?"

Ta dubi ƙofar, ta dubi sandar da ke hannunta. Ta jawo bokiti ta hau, ta kwantar da Bishop a saman ƙofar. Daga wannan turke zuwa wancan, ya zauna daram, ba rara ba gibi.

"Ƙafa shida ya yi faɗinta," ta ce. "Mossie ba ya aiki da ka. Miƙo hamar."

"Bishop za ki buga wa ƙusa?" in ji Fintan. "A gaban Fada?"

"Ni na bar tabarau a mota," in ji Fada.

Ƙusa biyar ta buga da hannunta. Fintan ya zaro tef na ƙarfe daga aljihu ya auna: ƙafa shida, har da ɗan ɗori. Ƙarfe biyu saura kwata na buga wa Orla waya. Ta ce na yi sa'a, Tess ta riga ta ɗora ƙafafun gaba a matakin motar Italiya, tana waige tana jiran mai ɗaga ta. Aka sauko da ita, aka sa wani matashin kare mai cikakkun takardu a gurbinta.

Orla da kanta ta kawo ta, cikin jar riga, tana kuka tun daga bakin layi. Ita Orlar, ba Tess ba. Aka kwance igiya a bayan gida, mutum ashirin suka yi cirko-cirko. Tess ta shinshina bokiti, ta yi hamma, ko kallon shingen ba ta yi ba. Ta juya ta bi ta kicin da laka a ƙafafu huɗu, ta shige falo, ta miƙe a tsakiyar farin kafet. Duk muka dubi Mena.

"Dama ya tsufa," ta ce. "Wa ke son ƙarin shayi?"

Yau shekara biyu ke nan. Shingen yana nan da launukansa, Mena ta hana a yi masa fenti, kuma kowace bazara takan kira Fintan ya auna shi. Duba gidaje ba ta daina ba, sai dai yanzu da tef na ƙarfe take zuwa, kuma mutane sun fara kewar Bishop, don tef har rabin yatsa yana gani. Tess ma tana raka ta. Duk Talata da safe in ka bi ta layin za ka ga Walƙiyar Knockroe ta ɗora ƙafafun gaba a kujerar mota tana waige, Mena kuma ta ajiye jaka a ƙasa, ta naɗe hannun riga, tana cewa, "To ranki ya daɗe, ɗaya, biyu..."