Rabin Mita Kowace Safiya

Shekara ashirin da shida ke nan Mzee Lubasha Maganga (Mzee, wato dattijo) yana fita kafin rana ta fito, a kan kekensa, tef ɗin awo a aljihu. Yakan tsaya ya sha shayi da wainar shinkafa a bakin kasuwa, sannan ya shiga unguwanni yana leƙa bayan gidajen mutane. Aikinsa a hukumar garinmu shi ne duba amya. Doka ta ce duk mai kiwon zuma a cikin gari ya nisanta amyarsa mita goma daga katangar maƙwabci, in ba haka ba a kwashe a ƙone. Ba aikin da ake sa wa mutum albarka ba ne. Ni kaina na taɓa rufe masa ƙofa.

Ranar Juma'ar nan zai yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani ta kan katangata.

Maƙwabciyata Bibi Kalunde tsohuwa ce, tana da amya uku da mijinta ya rasu ya bari. Da aka buɗe makarantar ƙananan yara a jikin gidanta, sai Mzee Lubasha ya zo ya auna, ya samu mita biyu. Ya miƙa mata takardar wa'adin kwana goma sha huɗu.

"Kai da ka ci tuwo da maigidana, yau kai ne za ka ƙone masa zuma?" in ji ta.

"Bibi, ni awo kawai na zo yi."

"To auna ni ma, ka kwashe."

Surukinta ya ce abu mai sauƙi, a cicciɓe su yau a kai ƙarshen fili. Mzee ya ce kada ya kuskura. Ƙudan zuma wuri suka sani, ba amya ba. In ka ɗauke ta da nisa lokaci guda, za su dawo inda suka saba, su tarar babu, su taru a fusace a jikin katangar yara. Sai dai a riƙa matsar da ita rabin mita kowace safiya, kafin su fita kiwo.

Babu inda aka rubuta cewa aikinsa ne, amma shi ya riƙa zuwa. Ya busa hayaƙi, ya matsar, ya tafi. Sau biyu aka harbe shi a fatar ido, Bibi tana cewa, "Kai, ashe sun fi ni sanin maƙiyinsu."

Lissafin dai bai kai ba, kuma ya san haka tun farko. Ranar da wa'adi ya cika ya ja tef a gabanmu, ya samu mita tara. Surukin ya matso ya ce, "Mzee, rubuta goma mana, wa zai zo ya sake aunawa?" Bai kula shi ba. Ya rubuta: "Mita tara. Suna kan hanya." Da motar kwashewa ta iso, ya tsaya a ƙofar gidan ya ce bai gama awo ba, a dawo jibi.

An ba shi takardar gargaɗi kan wannan, kuma ƙarin girman da yake jira ya wuce shi. Da matsayin da ya shiga aiki zai fita.

Mzee Lubasha, kai ne ba ka ƙara wa tef ko yatsa ɗaya ba, kuma ba ka bari aka ƙone wa tsohuwa abin da mijinta ya bari ba. Mai awon gaskiya, mun gode. Ka yafe mini ƙofar nan da na rufe maka.

Wanda zai gaji tef ɗinka, in yana son koyon aikin, ya zo gidan Bibi Kalunde ya auna. Amya uku suna nan a mita goma, yara suna karatu a bayan katanga, ba a taɓa harbin ko ɗaya ba.