Ranar Da Albasa Ta Ɓace A Mandera

Shekara tara na yi ina koyar da aikin gona a wata kwaleji ban motsa daga matakin da aka ɗauke ni ba. Ba don ban iya koyarwa ba, wannan kam ko maƙiyina ba zai faɗa ba. Kwamitin ƙarin girma ne ba ya kallon allo, takarda yake kallo, ni kuwa takardar bincike ba ni da ko ɗaya. Waɗanda na nuna wa inda ake ajiye alli suka zo suka wuce ni, har na koma ni ke fara gaishe su a baranda. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Sai ga sanarwa an manna, za a ba malaman kwalejoji tallafin bincike, kuma za a yi bitar kwana biyu a kan yadda ake rubuta takardar nema. Kujerar gaba na zauna. Malamar da ta jagoranci bitar ta ce kowa ya ɗauki matsalar da ya sani, kada ya je aron ta wata ƙasa. Ni a Boɗinga nake zaune, dangin mahaifiyata manoman albasa ne a Dingyaɗi, na tashi ina ganin yadda albasa ke ruɓewa a rudu, wato gadon karan nan da ake shimfiɗa ta a kai a rufe da ciyawa. Ban sha wahalar zaɓe ba. Sharaɗi ɗaya ya rage, takardar amincewar manoman da zan yi aiki da su, da sa hannunsu, kafin Juma'ar mako mai zuwa. Na zaɓi Mandera a ƙasar Shagari, inda ba ni da kowa, don kada a ce hirar gidanmu na rubuta.

Na shirya tafiyar nan kamar zan je ɗaurin aure. Na roƙi motar kwaleji mai lambar gwamnati, na riƙe babban littafi da biro biyu a aljihu. A zauren hakimi, bayan doguwar gaisuwa, na gyara murya.

"Ranka shi daɗe, bincike munka zo yi a kan albasa."

"Bincike?" in ji shi.

"Bincike, ranka shi daɗe. Za mu bi rudu ɗaya bayan ɗaya, mu rubuta abin da munka gani."

Ya dubi mutanensa, suka dubi ƙasa. Ya ce in dawo jibi, na fito ina yaba wa kaina.

Jibi na dawo na tarar babu albasa a Mandera. Kowane rudu fayau, an share ƙarƙashinsa tas. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Albasa? Mu nan gero muka yi, malam." Yana faɗa, warinta yana shiga mini hanci, ga wata akuya a gefenmu tana taunar ɓawonta hankali kwance. Na yi fushi sosai. A mota na riƙa ce wa direba ka ga mutanenmu, ka zo taimakonsu su mai da kai mahaukaci. Shi dai tuƙinsa yake yi.

Washegari na kai ƙara wurin kawuna a Dingyaɗi. Ya saurare ni yana gyaran igiya, sannan ya ce, "Tsaya, ɗan boko. Mi kac ce musu?"

Na maimaita. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Kai ɗan nan! Bincike ai ɓarawo aka yi ma, ko wanda hukuma ka nema. Ka tahi da motar gwamnati, ka ce za ka bi rudu kana rubutawa, mi kaka so su ɗauka in ba haraji ba? Ko ni na, ɓoyewa zan yi."

Kunya ta kama ni. Kalmar nan da ita aka haife ni, amma zaman ofis ya goge mini ɗaya fuskar tata har na manta tana da ita. Ban tsaya jayayya ba, tunda gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ranar Talata na koma a kan mashin ɗina, ba littafi. Na yi Azahar tare da su, sannan na durƙusa gaban hakimi na ce na yi kuskuren baki, ni malamin makaranta ne, koyo na zo yi, kuma duk abin da na rubuta zan dawo in karanta musu da Hausa. Wani dattijo da aka ce albasarsa kan kai damina ba ta ruɓe ba ya miƙe ya ce in biyo shi. A bayan gidansa ya ɗaga zana, sai ga albasa tuli. Ya zaro biyu ya miƙo mini.

"Wacce ka kai damina?"

Na zaɓi babbar mai sheƙi. Ya danna wuyanta da babban yatsa, ya lotsa.

"Wagga ba ta kai sati ukku. Wuyanta bai bushe ba. Shekara nawa kac ce kana koyarwa?"

"Tara, Baba."

"Allah shi jiƙan ɗiyan mutane."

Na yi dariya, na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Daga nan hira ta buɗe. Da na fito da takardar amincewa na karanta musu, dattijon ya karɓi biro ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da ajami, rubutu mai kyau, tsaf kamar na allo. Wasu manoma huɗu suka bi sahu.

Ranar Alhamis na kai takardun ofishin da ke tattarawa a kwalejinmu. Jami'in ya juya takardar sama da ƙasa.

"Malam, wanga ba sa hannu ba na. Ga akwatin waɗanda ba su iya rubutu ba. Koma su dangwala yatsa, kana da sauran gobe da sahe."

Gaskiya lokaci yana nan, kuma na san da na koma za su dangwala ba musu. Na kuma san in aka watsar da takardata sai wata shekara, in ma an sake bayarwa. Na ji tsoro. Amma mutumin da ya rubuta sunansa a gabana, ba zan je in kama yatsansa in shaida cewa bai iya rubutu ba. Na ce ya nuna mini inda ƙa'ida ta ce sai da boko. Ya buɗe littafin ƙa'idar, ya rufe, bai samu ba.

"In anka yar da ita, kada ka ce ban hwaɗa maka ba."

Na ce na ji. Na rubuta kowane suna da boko a ƙarƙashin ajaminsa, na sa hannu cewa ni na karanta, na miƙa. Makonnin da suka biyo baya ban cika cin abinci da daɗi ba, matata ta ce ni na saya da kuɗina.

Da jerin waɗanda suka samu tallafin ya fito, sunana yana ciki. Ban tsaya karɓar barka ba, na hau mashin sai Mandera. Na sami dattijon yana juya albasa a rudu, na gaya masa an amince, aiki zai fara. Bai ɗago ba.

"Sun iya karanta sunana?"

"Ba su iya ba, Baba. Sai da nak karanta musu."

"To," ya ce, "ka riƙa taimaka musu."