Motar Taubashina a Yashin Gulbi

Akwai ranar da ko na so in manta da ita zuciyata ba za ta yarda ba, kuma ba na jin za ta goge har in koma ga Mahaliccina. Ita ce ranar da muka je Isa ɗauko irin shuka a motar taubashina. Gemuna ya yi fari yanzu, amma har yau in na ji wani ya taka totur yana sa taya kuka a bakin titi, sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Lokacin muna cikin shekara ta biyu ta fari. Ƙauyenmu yana kusa da Tsamaye, kuma duk wanda ya san wajen ya san gero ne rayuwarmu. Rumbunan mahaifina uku sun zama fanko, har ɓeraye sun yi ƙaura sun bar mana su. Muka ci dusa, muka ci tafasa, muka koma kan anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Daga ƙarshe muka cinye irin da aka ajiye don shuka. Rabin mutanen ƙauyen sun riga sun kwashe iyali sun yi kudu. Baba ya tara mu ya ce zai gwada damina ɗaya tak. In ta yi, mun zauna. In ba ta yi ba, za mu rufe gida mu bi sahun mutane, mu bar gonar da ya gada daga kakansa.

Cikin wannan hali ne ɗan gwaggona ya dawo daga Kaduna, inda yake aiki a wani gareji. Mutum ya ji labarin ana yunwa a gida, me kuke tsammani zai zo da shi? Ko tiya ɗaya ta masara bai riƙo ba. Wata jar mota ya zo da ita, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, an huda salansarta don ta riƙa ruri. Ya ce wani Bature ne ya yi watsi da ita, shi kuma ya tashe ta da hannunsa. Wannan kam gaskiya ne, hannunsa ya iya gyara. Kansa ne babu mai gyara shi.

Da yake taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, ina da damar in gaya masa duk abin da na ga dama. Na ce masa, “Bawana, wagga aba ana dahwa ta a ci?” Ya yi dariya ya ce, “Kai baƙauye na, taubashi. Ba ga gudu aka sanin mota ba, ga tashi aka sanin ta. Taho in gwada maka.”

Akwai wani fako bayan gari, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa ba ta fitowa. Nan ya mayar wurin karatunsa. Kullum bayan la’asar sai ya ɗaura mini agogonsa, ya ce in lissafa daƙiƙa nawa zai yi daga gindin aduwa zuwa wata tsohuwar rijiya. Ya danne kuloci har ƙasa, ya sa giya ta ɗaya, ya ba ta wuta har allurar injin ta kai wani jan layi da ya yi da fenti, sannan ya ɗage ƙafa. Wai in ka saki kuloci gaba ɗaya taya za ta yi ta juyawa a banza, in ka yi nawa kuma injin zai yi sanyi, akwai wata ’yar tsakiya da sai gwani ke samun ta. Ya yi ta bayanin yadda ake cafke giya ta biyu ba tare da an sassauta totur ba. In na ce masa yau ya rage daƙiƙa ɗaya, sai ya fito yana taka ƙasa da ƙyar, ka ce shi ya ci Alkalawa da yaƙi.

Don neman wannan daƙiƙar ya cire kujerar baya, ya cire tayar safaya, ya ajiye jak da shebur a zauren gwaggo, wai nauyi ne ke kashe tashi. Mutane na tsaye da ciki a lafe suna kallon mai ƙona fetur a fili. Ni kuma, kada in yi ƙarya, da tsiya na fara, amma kafin mako biyu na zama sarkin riƙon agogo. Mutum mai mata da ’ya’ya biyu, ina ihu a fako saboda wata daƙiƙa da ba ta ƙare ni da komai ba.

Wani aminin Baba, malamin makarantar allo a Isa, ya ɓoye rabin buhun gero mai saurin nuna cikin tuluna ya liƙe da laka, ya aiko cewa na Baba ne. Baba ya ƙi a ɗauko. Ya ce in irin ya shigo gidan nan tukunya za ta cinye shi kamar na farko, a bar shi can sai ranar da ruwa ya sauka.

Ruwan ya sauka wata Talata da asuba. Ba mai yawa ba ne, amma da Baba ya tona ƙasa sai da laima ta kai masa wuyan hannu. Ruwan shuka ke nan, kuma kowa ya san irinsa ba ya jira. Jakinmu ya riga ya mutu tun bazara. Muna tsaye ana shawarar wanda za a aika, sai ga taubashi yana kaɗa makulli. Ya ce, “Kawu, kwantar da hankalinka. Kahin azahar iri na hannunka. Ku dai ku hwara sara.” Baba ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “To, Allah shi kai ku lahiya. Ku yi hanzari, ƙasa ba ta jiran kowa.”

Zuwa kam mun je kamar iska, ba za ni hana shi wannan ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba muna ƙofar malam. Ya fasa tuluna ya juye mana geron, ya yi addu’a a kai. Da muka sa buhun a inda kujerar baya take a da, sai ya ce, “Ku bi hanyar da kunka biyo. Kar ku ratsa gulbi. Nan ba a yi ruwa ba, yashi na nan sako-sako.” Taubashi ya ce to. Muna shan kwana ya karkata sitiyari ya nufi gulbi, wai yanke ya fi.

Gulbin ya daɗe da ƙafewa, sai farin yashi shimfiɗe. Mutane sun haƙa ramuka a tsakiyarsa suna kwalfar ruwa, mata da tuluna, makiyaya da ’yan shanun da suka rage. Da ya shiga da saurin da ya zo da shi, wataƙila da mun haye. Amma taubashina ya ga taro. Bai taɓa ganin taro ya wuce ba. Ya taka birki a kan yashi, ya tsaya cak, ya sa giya ta ɗaya, ya fara ba ta wuta har shanu suka watse. Ya ce mini, “Duba agogo, daga nan zuwa waccan gaɓa.” Wallahi na duba. Irin gidanmu gaba ɗaya yana bayana, ni kuma na sunkuya ina duba agogo.

Ya saki kuloci. Motar ta yi ƙara, ta watsa yashi sama, ta girgiza, amma ko taku ɗaya ba ta yi gaba ba. Ƙasa ta yi. Ya sa ribas ya sake ba ta wuta, ta ƙara nutsewa, har cikinta ya zauna daram a kan yashi.

Wani dattijo da ke shayar da raƙuminsa ya matso. Ya ce ya yi shekaru yana jan babbar mota a wannan hanya. Ya ce, “Ɗana, kashe ta. A tone gaban tayu, a sace musu iska, a shimfiɗa kara. Sa’annan ka sa ta biyu, ka ɗaga ƙahwa sannu kamar mai taka ƙwai. Yashi ba a yi mai hwaɗa.” Taubashi ya leƙo ta taga ya ce, “Baba, wagga ba akwalar da kuka ja ba ta. Wagga sai da wuta.” Dattijon ya ce, “To, ba ta,” ya koma wajen raƙuminsa.

Ya kuwa ba ta. Babu shebur, babu jak, duk suna zauren gwaggo suna rage nauyi. Da hannu da sakaina muka yi ta tono, mutane suka taimaka da turi, shi kuma kowane karo sai ya kai allura jan layin nan nasa. Can sai wani ƙauri ya tashi kamar ana babbakar kan akuya. Injin na ruri, giya na ciki, taya ko motsi. Kuloci ya ƙone ƙurmus.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ya fi nasa ciwo a wurina. Tun nutsewar farko ya kamata in saɓi buhun in kama hanya. Amma sai ya ce saura kaɗan, bari ta huce, bari ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure wani abu. Na zauna ina miƙa masa sifana. Aka yi azahar, wata iska mai zafi ta taso, ina jin ta a fuskata ina kuma sanin abin da take yi wa gonarmu. Sai da aka yi la’asar sannan na ɗora buhun a ka. Duhu ya riske ni a hanya, ƙafata ta ƙi, na kwana a wani ƙauye.

Da hantsi na iso. Ban bi ta gida ba, gona na nufa. Baba ya ɗauki maganar taubashi da gaske: shi da innata da matata sun wuni da sungumi suna sara, don in iri ya iso sai zubawa kawai a take. Gonar nan tun daga kai har gindi ramuka ne a jere, dubbai, a buɗe, rana da iska sun yi yini guda suna shan su. Baba na zaune a gindin gawo. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa hannu cikin rami ɗaya, ya ɗebo ƙasa ya murza, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, “Da ka taho da ƙahwa tun da hantsin jiya, da ka iske ta da rai.”

Mun zuba irin duk da haka, don ba mu da wata dabara. ’Yar laimar da ta rage ta isa ta tsirar da shi, amma ba ta isa ta riƙe shi ba. Ya fito siriri, ya yi kwana biyar, ya ƙone. Ruwa bai sake sauka ba sai bayan kusan mako uku, lokacin ba mu da ko ƙwaya. Maƙwabtanmu biyu da suka shuka a ranar Talatar, nasu ya kama saiwa ya jure, suka sami abin da ya kai su rani.

Taubashi kuwa, raƙuma biyu aka ɗaura wa motarsa suka jawo ta har Sabon Birni. Da aka tambaye shi, cewa ya yi yashin wajen ne ba shi da kyau, kuma da tayoyinsa masu faɗi ne da an ga aiki. Dokin mai baki ya fi gudu. Har ya koma Kaduna bai taka gonar ya ga abin da ya yi ba.

Da kaka muka rufe gida. Baba, wanda bai taɓa kwana bakwai a wajen ƙauyensa ba, ya ƙare rayuwarsa yana gadin shagon wani a garin da ba wanda ya san sunan kakansa. Ni na koma gonar bayan shekaru, shi bai koma ba.

Abin da na koya shi ne, gwanintar da aka koya don a burge ’yan kallo ba ta ɗaukar kayan kowa, kuma ranar da ake buƙatarta ranar take kashe mutum. Amma ban tsaya kan taubashi ba, shi wawa ne tun asali kuma kowa ya sani. Wanda ya san darajar abin da ke cikin buhu, ya zauna yana jiran wawa ya gama wasansa, shi ne babban wawa. Tun daga ranar, in amanar mutane na kaina kuma abin hawa ya tsaya, ba na tambayar saura minti nawa. Sauka nake yi in saɓa in tafi da ƙafata.