Kwanon da Na Mayar a Dapango

Muna idar da sallar asuba muka bar Zangon Sokode, ni da fatake biyu 'yan unguwarmu. Yajin aiki ya sa motoci sun yi ƙaranci, fetur sai a kwalba a bakin hanya, kuɗin mota kuwa ya kusa ninkawa. Dapango na nufa, wurin ƙanena mai cinikin shanu. Gidansa yana tsakiyar 'yan ƙabilar Moba Kiristoci, kuma tun zamanin mahaifinmu mu ke yi musu yankan Kirsimeti da na sabuwar shekara, wadda suke kira bonane, don Musulmin unguwa su iya cin abincinsu. Ni ne babba, wuƙar tana hannuna. A bana na so in huta, sai ƙanena ya aiko cewa siyasa ta raba gari, kowa na zargin maƙwabcinsa, in ban zo ba za a ce mun janye jiki.

Akwai abin da ban gaya masa ba. Da damina na yanke jiki na faɗi a ɗaki. Likita ya ce hawan jini ne, ya hana ni gishiri da kitse da soye-soye da lemon kwalba. Ya ce in na sake faɗuwa, da wuya in tashi da ƙafafuna. Daga ni sai mai ɗakina muka sani.

Hanya ta gajiyar da mu. Tun kafin Bafilo muka fara cin karo da shinge, wani na soja, wani na samari masu sanduna waɗanda ba ka san na wane ɓangare ba ne. A sauka, a nuna katin shaida, a kwance kaya, a ɗaure. Wani soja ya buɗe jakata ya ga busasshen zogalen da aka yi mini guzuri.

"Tsoho, akuya kake kiwo a can?"

Na ce, "Ni ne akuyar, ranka ya daɗe." Ya yi dariya ya sallame mu.

A Kara abokan tafiyata suka sayi tsire, a Mango suka ƙara da soyayyen kifin kogi. Ni dai ayaba na ci, fuskata na kallon taga. Gab da magariba muka shiga Dapango, ƙafafuna sun kumbura, sanyin ƙarshen shekara ya shiga gwiwa.

Ranar Kirsimeti na zagaya gidaje da wuƙata, na yanka awaki da zabi har hannuna ya gaji. Al'adar ita ce, duk gidan da ka yi wa yanka sai sun aiko maka da kwano, kuma wuri mai kitse suke zaɓar maka don girmamawa. Kafin la'asar kwanuka sun cika zaure: shinkafa da mai yana yawo a kanta, soyayyen zabo, wuyan akuya, ga lemo. Masu kawowa ba sa tafiya sai sun ga ka kai loma. Kunya ta sa na ci na wannan, na ci na wancan. Da na tashi sallar magariba sai na ji ƙeyata na sarawa, bango yana juyawa. A zaune na yi sallar, ina istigfari, ina tuna maganar likita.

Washegari da hantsi kwano ya zo daga gidan da ke jikin katangar ƙanena, gidan wata tsohuwa da ɗanta malamin makaranta. Na buɗe, na rufe, na ce a mayar da godiya. Ba a jima ba ɗan ya yi sallama. Bai zauna ba.

"Baba Malam, kai ka yanka da hannunka. Yanzu abincinmu ne ba ka yarda da shi ba, ko mu ne?"

Ƙanena ya dube ni, fuskarsa ta canza. Shi ne zai ci gaba da zama da su bayan na tafi, a garin da ake ƙona rumfar mutum saboda jita-jita. Ya ce a hankali, "Yaya, ko loma ɗaya ce."

Loma ɗaya ba za ta gyara ba, don akwai bonane a gaba. Dattijo ba ya son faɗin ciwonsa a gaban yara, amma na faɗa, har da faɗuwar da na yi. Na ga ran ƙanena ya sosu da na ɓoye masa. Malamin makarantar ya fita, sai ga shi ya dawo da uwarsa tana dogara sanda.

Ta ce, "Kai ma tansiyo, hawan jinin nan? Haba Malam, ni da shi mun tsufa tare. Wannan girki na yara ne, ni ba na taɓawa. Taso."

A tsakar gidanta ta sauke wata ƙaramar tukunya: tuwon dawa da miyar ganyen wake, ba gishiri, ba mai, sai daddawa da ɗan busasshen kifi. Gaskiya ba ta da daɗi sosai. Na miƙa mata zogalena ta ƙara a tukunyar gobe. Har bonane ya wuce a gidanta nake cin abincin rana, a inda duk mai wucewa zai gan mu, ita kuma ta sanar da sauran gidaje abin da za su aiko mini: dafaffen wake, gwanda, tsokar zabo da aka cire wa fata.

Dawowa ma shingen nan ne, da sauka da hawa. Na iso Sokode a gajiye, na kwana biyu ban fita ba. Da likita ya auna ni bai ji daɗi ba, ya ce jinin bai sauka yadda yake so ba, amma alhamdu lillahi da ƙafafuna na je masa.

Abin da na koyo kaɗan ne. A lokaci irin wannan, in ka ƙi abincin mutum ba ka faɗi dalili ba, shi zai nemo dalilin da kansa, kuma mafi muni zai ɗauka. Ku masu ciwo irin nawa, ku faɗa wa mai masaukinku tun a bakin ƙofa, kafin a ɗora tukunya.